Jirgin Titanic a cikin littattafai: na manya da na yara

A wannan fitowa za mu duba waɗansu littattafai da aka rubuta a kan wani jirgin ruwa da ya nutse tun zamanin kakannin kakanninmu. Sunansa Titanic, ana faɗinsa Taitanik.

Wanda ya zo Yamai ya zaga Babbar Kasuwa zai ga masu sayar da littattafai, waɗansu a rumfa, waɗansu sun baza nasu a ƙasa bisa buhu. Galibi tsofaffin littattafan makaranta ne na Faransanci, da na addini, da na soyayya da ake kawowa daga Kano. Jifa-jifa sai ka ci karo da wani mai hoton ƙaton jirgi a bango, da bututun hayaƙi huɗu, gabansa ya dulmiya cikin ruwa. Ko wanda bai san baƙi ba ya san wannan hoto, don fim ɗin da aka yi a Amurka a 1997 ya shiga ko'ina, har ƙauyen da sai an tada janareto ake kallo. Masu fim ɗin Hausa a Najeriya ma sun yi nasu a 2003, suka sa masa suna Masoyiyata. Amma fim labarin saurayi da budurwa ya ba mu, su kuwa ƙirƙiro su aka yi. Aikin littafi ne ya gaya mana abin da ya faru, da dalilin da ya sa ya faru, da waɗanda abin ya ci. Da wannan ma'auni zan auna littattafan nan.

Ga labarin a taƙaice don wanda bai ji ba. An ƙera jirgin a birnin Belfast, mallakar wani kamfani ne mai suna White Star Line. Tsawonsa mita 269, wato ya fi sulusin gadar Kennedy da ke kan kogi nan Yamai. Ya tashi daga Southampton ta ƙasar Ingila ran 10 ga Afrilu 1912, ya nufi New York ta Amurka, da mutum 2,200 da ƴan kai a ciki. An kasa fasinjoji aji uku. Masu dukiya suna sama, matsakaita suna tsakiya, talakawa masu tafiya neman abinci, ƴan ci-rani ke nan, suna ƙasa. Ran 14 ga wata, ƙarfe 11 da minti 40 na dare, jirgin ya gogi dutsen ƙanƙara. Ƙanƙara ce irin wadda ake jefawa a ruwan sha, amma curi guda kamar tsauni, tana yawo a teku. Halinta halin dorina ne: abin da ka hanga a sama kaɗan ne, jikin yana ƙasa. Ƙarfe 2 da minti 20 jirgin ya ɓace. Wajen mutum 1,500 suka mutu, wajen 700 suka tsira.

Littafin manya da ya fi suna shi ne A Night to Remember, wato daren da ba a mantawa. Wani Ba'amurke mai suna Walter Lord ya fitar da shi a 1955, an kuma juya shi cikin Faransanci. Ba a ma haifi Lord ba sa'ad da jirgin ya nutse. To, ta yaya ya sani? Ya nemi waɗanda suka tsira, ya samu mutum 63, ya ji ta bakinsu, waɗansu ido da ido, waɗansu ta wasiƙa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sa'an nan ya jera maganarsu bisa agogo. Ya fara da mai tsaro, Frederick Fleet, yana can saman jirgi cikin sanyi yana duban duhu, har ya hangi wani abu baƙi a gabansa ya kaɗa ƙararrawa. Daga nan sai ya riƙa kai ka lungu-lungu: ga mai toya burodi, ga mai wayar iska, ga matar da ta ji kamar an ja ƙaton yatsa a jikin jirgin. Ba ya yi maka wa'azi, ba ya ce maka ka yi kuka. Jimlolinsa gajeru ne. Wanda duk ke son koyon yadda ake ba da labarin gaskiya a rubuce, ga malami.

Abin da ya fi burge ni ga littafin nan shi ne bai bar maganar a kan “tsautsayi ne” kawai ba. Ruwa ba ya tsami banza. A ranar nan jiragen da ke gaba sun yi ta aiko da saƙo ta wayar iska cewa akwai ƙanƙara a hanya, amma Kyaftin Edward Smith bai rage gudu ba. Jirgin yana shara gudu wajen kilomita 40 a awa, cikin dare marar farin wata. Kwale-kwalen ceto guda 20 ne kacal, masu ɗaukar mutum 1,178, wato rabin mutanen ciki da ɗan ɗori. Kuma ba a karya doka ba! Dokar Ingila ta 1894 ce, an yi ta lokacin da jirage ba su kai haka girma ba, ba a kuwa sake ta ba. Kwale-kwalen ma da ake da su ba a cika su ba. Na lamba 1 yana ɗaukar mutum 40, ya tafi da 12. Akwai wani jirgi mai suna Californian a kusa, mutanensa sun ga wutar neman taimako tana tashi sama, amma mai wayar iskarsu ya riga ya kwanta barci, ba wanda ya tashe shi. Jirgin da ya zo ceto, Carpathia, daga nesa ya taso, bai iso ba sai wajen ƙarfe 4 na asuba. Yawancin waɗanda suka faɗa ruwa suna sanye da rigar da ke hana nutsewa. Sanyi ne ya kashe su, cikin mintoci kaɗan.

A nan bari in tsaya a kan wata magana da kusan kowa ya ji, har a wurin wa'azi: wai masu jirgin sun yi saɓo, sun ce ko Mahalicci ba zai nutsar da shi ba, shi ya sa aka nuna musu. Maganar tana cikin littafin Lord. Amma ku lura da yadda ta zo. Wata mata ce fasinja ta ce ta tambayi wani lebura mai ɗaukar kaya a tashar jirgi, shi ne ya ba ta wannan amsa. Bakin mutum ɗaya ne, aka tuna da shi bayan shekaru. Gaskiya ne an yi alfahari da jirgin, an kuma ɗauka da wuya ya nutse. Saɓo kuwa mugun abu ne ko daga bakin wa ya fito. Amma in muka tsaya nan, mun huta da tambayar wa ya hana a ƙara kwale-kwale, wa kuma ya ƙi rage gudu. Sa'an nan jariran da ke ɗakunan ƙasa, wane saɓo suka yi?

Ɗakunan ƙasan nan su ne ma'aunin kowane littafin Titanic. Ga lissafin hukumar binciken Ingila. Mata 144 ne a aji na ɗaya, 140 suka tsira. Mata 165 ne a aji na uku, 76 suka tsira. Yaran aji na biyu su 24 ne, duk sun tsira. Yaran aji na uku su 79 ne, 27 kaɗai suka tsira. An ce mata da yara su fara shiga kwale-kwale, haka ne. Amma kwale-kwalen suna sama, kusa da ɗakunan masu kuɗi. Talaka sai ya bi lunguna da matakalai da ƙofofin da aka saba hana shi wucewa, da yawa kuma ba su jin Ingilishi balle su gane abin da ake faɗa musu. Lord ya ga wannan, ya kuma faɗe shi. Ya nuna cewa majalisar Amurka da ta yi bincike mutum uku kaɗai ta saurara daga aji na uku, hukumar Ingila kuwa ko ɗaya. Ya nuna yadda waɗansu da suka tsira suka riƙa kiran duk wanda ya yi tsoro ko ya yi turereniya “ɗan Italiya”, ko ba su san ƙasarsa ba. A nan ya cancanci yabo.

Amma duk da haka, in ka rufe littafin, sunayen da ke manne a kanka na attajirai ne. John Jacob Astor, wanda ya fi kowa kuɗi a jirgin. Benjamin Guggenheim, wanda ya je ya sa kayan ado don ya mutu da shigar girma. Tsohuwa Ida Straus, wadda ta ƙi barin mijinta. Labarai ne masu taɓa zuciya, ba na musu. Sai dai masu kuɗi su ne suka fi tsira, su ne jarida ta bi, su ne suka iya rubuta wasiƙa mai tsawo, don haka muryarsu ta cika littafin. A aji na uku akwai Larabawan ƙasar Sham fiye da 100, dangin kakannin ƴan Labanan ɗin nan masu kantuna a Yamai. Da kyar za ka ji motsinsu. Akwai kuma baƙar fata ɗaya da aka sani cikin fasinjoji, Joseph Laroche, injiniya mutumin Haiti, a aji na biyu. Ya sa matarsa da ƴaƴansa mata biyu a kwale-kwale, shi ya mutu. Labarinsa bai bazu ba sai bayan shekara 80 da wani abu.

Ga wani abu kuma. Mutane da dama da ke cikin kwale-kwale sun ce sun ga jirgin ya karye biyu kafin ya nutse. Cikinsu har da wani yaro ɗan shekara 17, Jack Thayer. Amma babban jami'in jirgin da ya tsira, Charles Lightoller, ya ce a'a, ɗungurungum ya tafi. Hukuma ta ɗauki maganar mai muƙami, littattafai suka bi ta shekara da shekaru. Ran 1 ga Satumba 1985 masu bincike na Amurka da Faransa, Robert Ballard da Jean-Louis Michel, suka gano jirgin a ƙasan teku, zurfin mita 3,800. A karye yake, gaba dabam, baya dabam. Ashe yaron ne ya faɗi daidai.

To, mu koma ga na yara. Uku zan ambata, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne Polar the Titanic Bear. Wata mata mai suna Daisy Spedden ta rubuta shi da hannu a 1913 don ɗanta Douglas, wanda yake ɗan shekara 6 sa'ad da suka shiga jirgin. Ba a buga shi ba sai 1994, bayan wani danginsu ya tsinci takardun cikin akwati. Mai ba da labarin ɗan tsana ne mai siffar wata dabbar ƙasar sanyi, abin wasan yaron. Dabara ce mai kyau, irin ta tatsuniyarmu da dabba ke magana. Hotunan ma suna da kyau. Uwa ce ke lallashin ɗanta don ta cire masa tsoro, ba kuwa mai zargin uwa a kan haka. Amma gidan Spedden masu dukiya ne, aji na ɗaya suke. Uba da uwa da yaro da masu yi musu aiki duk sun tsira. Babban tashin hankalin da ke cikin labarin shi ne an manta da ɗan tsana a kwale-kwale, daga baya aka maido shi. Yaron da wannan kaɗai ya karanta zai zaci daren nan ɗan tsana ne ya kusa ɓata. (Douglas kansa bai yi tsawon rai ba, mota ta buge shi a 1915 yana ɗan shekara 9. Allahu akbar.)

Na biyu na Lauren Tarshis ne, ya fito a 2010, cikin jerin littattafanta masu suna I Survived, wato na tsira. Ƙagaggen labari ne na wani yaro ɗan shekara 10 mai rawar kai, shi da ƙanwarsa da gwaggonsu. Yana da sauri, yana da daɗi, yaro ba zai ajiye shi ba sai ya ƙare. Marubuciyar ta yi ƙoƙari, ta saukar da yaron ƙasa ya haɗu da wani talaka ɗan Italiya da ɗansa. Amma sunan littafin ya riga ya gaya maka ƙarshensa. Yaronmu zai tsira, waɗanda yake ƙauna ma haka. Ga kuwa abin da ya faru a zahiri: gidan Goodwin su 8 ne, uba da uwa da ƴaƴa 6, a aji na uku, ba wanda ya fita. Gidan Sage su 11 ne, ba wanda ya fita. An tsamo gawar wani jariri aka binne a birnin Halifax ta Kanada ba suna. Sai a 2007, da binciken likitoci, aka tabbatar autan Goodwin ne, Sidney, ɗan wata 19.

Wani zai ce, Malam, ai yara ne, a bar su da labari mai daɗi. Ni ban yarda ba. Yaranmu na ƙauye sun san mutuwa. Sun ga an ɗauki ƙanensu an kai makwanci, sun ji kukan uwa. Ba a ce a tsorata su da gawawwaki ba. Amma yaron da kullum ake nuna masa cewa mai wayo da zuciya shi ke tsira, zai ɗauka waɗanda suka mutu wayo ne ba su da shi. Alhali ɗan Goodwin ba wayo ya rasa ba, wurin zama ya rasa a kwale-kwale.

Na uku shi na fi so: Exploring the Titanic, na Robert Ballard ɗin nan da ya gano jirgin, ya fito a 1988. Ya bi yara na gaske da ke cikin jirgin, ya kuma sa zane da ke nuna cikinsa kamar an tsaga kankana, kana ganin wa ke sama wa ke ƙasa. Ya bayyana yadda ruwa ya ci shi. An raba cikin jirgin ɗaki 16 da bangon ƙarfe, da niyyar ko huɗu na gaba sun cika ba zai nutse ba. Ƙanƙara ta ɓula fiye da huɗu. Bangayen kuwa ba su kai can sama ba, don haka da gaba ya sunkuya sai ruwa ya riƙa tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki, kamar yadda yake malala daga fangali zuwa fangali a lambu. Yaron da ya gane wannan ya ƙaru da abin da zai yi masa amfani. Aibinsa ɗaya, rabin littafin labarin marubucin ne da na'urorinsa, kuma shi ma yaran da ya bi waɗanda suka tsira ne.

Me ya kawo mu ga jirgin Turawa na 1912, mu da ko teku ba mu da ita? Abin da ya kawo mu shi ne, rubutun nan ya yi aiki. An yi bincike, an buga shi, jama'a suka karanta suka fusata. A 1914 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniya cewa jirgi ya ɗauki kwale-kwalen ceto da zai ishi kowa, a kuma riƙa sauraron wayar iska dare da rana.

Mu ma muna da namu. Ran 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola na ƙasar Senegal ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar, ya kife da dare a gaɓar Gambiya. An yi shi don fasinja 536. Lissafin hukuma ya ce mutum 1,863 suka mutu, sun fi na Titanic yawa. Mutum 64 suka tsira, mace ɗaya tak a cikinsu. Da yawa daga mamatan ɗalibai ne masu komawa makaranta bayan hutu. Masunta ne da kwale-kwalensu suka fara kai ɗauki, na hukuma bai iso ba sai da gari ya waye. Wani Bafaranshe da ya tsira, Patrice Auvray, ya rubuta littafi a kai a 2012. Amma tambayi mutum goma a bakin Babbar Kasuwa: duk sun san Titanic, nawa suka san Joola?

Mu matso gida. A watan Satumba 2017 wani jirgin katako ya taso daga Gaya shaƙe da ƴan kasuwa zuwa cin kasuwar Lolo a jihar Kebbi, ya kife a kogi, aka tsamo gawa fiye da 30. Ran 30 ga Nuwamba 2021, a Bagwai ta jihar Kano, kwale-kwale ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau za su wurin Mauludi, ya nutse a dam ɗin Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Rediyo ta faɗa kwana biyu, aka yi ta'aziyya, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Amin. Amma Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda ya taɓa tsallaka kogi ran kasuwa ya san yadda ake yi: a loda buhuna, a ɗora babura, a cusa awaki, mutane su hau bisa kaya, har bakin jirgi ya rage taƙi ɗaya da ruwa. Rigar ruwa babu, ko kuwa tana nan an yi matashi da ita.

Littafin da nake so in gani bisa buhun mai sayarwa a Babbar Kasuwa shi ne na irin waɗannan, cikin Hausa ko Zabarmanci, da manyan baƙaƙe. Ya ɗauki dabarar Lord ta bin agogo da jin bakin mutane da yawa, amma ya fara da mai tallar ƙosai da ɗan dako kafin ya je ga mai gari. Ya ɗauki zanen Ballard, ya nuna wa yaro inda ruwa ya kamata ya tsaya a jikin jirgi in an gama lodi. Ya kuma rubuta sunan kowane mamaci da garinsu, babba da jariri.

Wannan ba sai mai digiri ba. Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci a garuruwan bakin kogi, daga Ayorou har Gaya, kuna da alƙalami, kuna kuma zaune da waɗanda abin ya faru a gabansu. Ku samu sarkin ruwa da masu fito da matan da suka rasa ƴaƴa, ku yi sallama, ku tambaya a hankali. Wace rana ce, da wane lokaci? Mutum nawa jirgin ke ɗauka, nawa aka zuba? Wa ya ce a tashi? Akwai wanda ya ce kaya sun yi yawa? Wa ya fara kai ɗauki? In mutum biyu sun saɓa, ku rubuta duka biyun, kada ku zaɓi ta mai rawani don rawaninsa. Wanda bai so a sa sunansa, ku bar shi. Abin da kuka samu, ko shafi ɗaya ne, ku ba malamin ajinku ya aiko mana.